Horon Bikili, daga ragama zuwa linzami

Asabar, 4 ga Nuwamba, 2023

Dukushin ya iso jiya da hantsi, a bayan motar shanu daga Maigatari. Baffa ne ya je kasuwar ranar Alhamis ya zaɓo shi, ya ce bana zaɓin ba yawa, da yake iyaka a rufe take tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli. Bikili ne, jiki ja, geza da wutsiya baƙaƙe, ƙirji bai gama buɗewa ba. Dillali ya rantse shekararsa huɗu cif. Baffa bai yi musu da shi ba, ya dai buɗe bakin dokin ya duba. Haƙoran tsakiya, biyu sama biyu ƙasa, sun fito manya, na gefensu kuwa har yanzu ƙananan nan ne farare na yarinta. Doki yakan yi famfarar na tsakiya yana shekara 2 da rabi, masu bi musu a 3 da rabi, na kusurwa a 4 da rabi. Ke nan Bikili bai kai shekara 3 da rabi ba, kome rantsuwar dillali.

Ban da ragama da dabaibayi bai san komai ba, ko tsumma ba a taɓa ɗora masa a baya ba. Haka na fi so, don dokin da aka fara koya wa tsoro ya fi wanda ba a koya wa komai ba wuyar gyara. Mun raba aiki: turke da abinci na Baffa ne, a gidansa na Inkil, gefen garin Bauchi, horo nawa ne, bayan sallar asuba kafin in wuce ofis. Yanzu dai hutu zai yi. An ba shi maganin tsutsar ciki, an cire masa kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Har yau ban kawo sirdi kusa da shi ba, maƙwabta sun fara tambaya ko don kallo muka saye shi. Darasi ɗaya muke kai: in abu ya matsa masa, akwai motsin da zai yi a sake shi.

Halin doki ne in ka ja shi ya ja, in ka ture shi ya danno. Na tsaya gabansa ta ɗan gefe, na ɗaga igiyar ragama har ta miƙe, na riƙe a nan. Ya sandare wuya, ya kafe ƙafafun gaba, farin idonsa ya fito. Ban ƙara ƙarfi ba, ban kuma sassauta ba. Ya girgiza kai, ya ja da baya, na bi shi igiya tana yadda take. Can sai na ga nauyinsa ya dawo gaba, kofaton hagu ya rabu da ƙasa. Kafin ya ajiye shi na buɗe hannu.

Ɗan yayata da ke share barga ya ce, "Kawu, ai bai zo ba ka sake shi." Na ce masa yau ba zuwan nake nema ba, niyyar zuwan nake nema. Jan igiya tambaya ce kawai, sakin da ya biyo baya shi ke gaya wa doki ya amsa daidai. Kuma sakin yana da lokacinsa. In ka ɗan makara, ya riga ya yi wani abu dabam, sai ya ɗauka a kan wancan ka sake shi. Mai riƙe igiya tamau har doki ya iso gabansa yana koya masa cewa ko ya bi ko bai bi ba zafin ɗaya ne. To don me zai bi?

Haka na yi masa da yatsa a ƙirji don ya ja da baya, da kuma a haƙarƙari, daidai inda ƙafar mahayi za ta zauna wata rana, don ya kawar da ƙafafun baya gefe.

Asabar, 2 ga Disamba

An kwashe karan dawa a gonar bayan gida, mun sami fili. Doguwar igiya, ni a tsakiya, shi yana zagaye. Kalmomi uku kacal: "tafi", "sannu", "tsaya", kowace da muryarta. Ba na wuce minti 15, don zagaye ya fi tafiya miƙe gajiyar da gaɓoɓin dukushi.

Ta hagu lafiya lau. Ta dama kuwa sai ya juyo ya fuskance ni, yana neman ya mayar da ni idonsa na hagu. Ba taurin kai ba ne. Tun yana ƙarami ta hagu ake zuwa masa da ragama, ta hagu ake jansa, mutum a damansa baƙo ne. Na ce wa yaro daga yau ruwa da dusa da goge jiki duk ta dama za a riƙa yi masa.

Asabar, 16 ga Disamba

Ya saba da zubka, shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, ya saba da majayi, maɗaurin sirdi a ciki, shi kaɗai, yau aka ɗora sirdi. Ƙaramin sirdin 'yan folo ne na hannu, marar nauyi. Na Hausa mai kwacciya gaba da baya yana rataye a ɗakin Baffa, zai jira, domin ƙashin baya shi ne na ƙarshe wurin ƙosawa a jikin doki, sai ya kai shekara 5 zuwa 6.

Na ɗaure majayi kaɗan-kaɗan yana tsaye kamar ba shi ake yi wa ba. Taku na farko ne ya ji abu ya riƙe masa ciki. Ya gantsare baya, ya cusa kai tsakanin ƙafafu, ya shiga tutsu yana tusa, likkafu na dukan haƙarƙarinsa, ƙura ta turnuƙe gonar. Yaro ya haye katanga. Na sakar masa igiya, ina cewa "tafi" da muryar kullum, har tutsun ya koma sassarfa, sassarfar ta koma tafiya. Da ya tsaya ya sunkuyar da kai, ya lashi leɓe, ya sauke numfashi, sannan na kwance sirdin. Da na kwance shi yana tsakiyar tutsu, da ya koyi hanyar raba kansa da sirdi ke nan.

Asabar, 30 ga Disamba

Baffa ya fito da linzaminsa, wanda ya yi shekaru yana hawa da shi a tawagar hakimi: ƙarfe mai harshe da ke tashi ya taɓa ganɗa, da zoben da ke zagaye haɓa. Ya miƙo mini ya ce, "Ka sa masa wannan tun yanzu, ya san bakinsa ba nasa ba ne. Sallah saura wata uku da 'yan kwanaki."

Na ce, "Baffa, a yi mini haƙuri, a bar ni da na 'yan folo tukuna."

Ba raina linzaminmu nake yi ba. Don aiki aka ƙera shi. Mahayan Malam Yakubu, wanda ya kafa garin nan na Bauchi a 1809, hannun hagu ke riƙe da kamazuru, wato igiyar linzami, na dama yana kan mashi ko takobi, kuma suna bukatar dokin da zai tsaya cak daga sukuwa da motsin yatsa. Jahin da ake yi a ƙofar fada ragowar wannan ne. Linzamin yana ninka ƙarfin hannu, shi ya sa a bakin dokin da ya gama horo kamazuru a sake suke lilo, taɓawa kawai ake yi. A bakin dukushi da bai san me ja yake nufi ba kuwa, zafi ne marar bayani. Ko dai ya wage baki ya ɗaga kai sama, ko ya koyi tabarya, wato miƙewa a kan ƙafafun baya, ko dasashinsa ya yi kanta ya daina ji, a ce ya yi taurin baki, a tafi wurin maƙeri neman wanda ya fi wancan kaifi. Na ce wa Baffa yaron da bai gama babbaƙu ba ai ba a ɗora masa farfaru. Ya yi dariya ya ce, "To malam, Allah ya nuna mana ranar sauka."

Na 'yan folon ƙarfe ne mai gaɓa a tsakiya da zobe a kowane gefe. Iyakar ƙarfin da ka ja, iyakar abin da doki zai ji. Yana zama a filin dasashin nan da babu haƙori, tsakanin haƙoran gaba da turame. Na shafa masa zuma, Bikili ya karɓa ya yi ta tauna. Ban ɗaura kamazuru ba. Zai riƙa yawo da ƙarfen a baki, ana jansa da ragama, har ya manta da shi.

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe duwatsun da ke kewaye da gari. Doki a irin wannan safiya ƙafarsa ba ta son ƙasa, don haka na jira rana ta fito, na zagaya da shi har ya ɗan yi gumi. Kwanakin baya ina ta kwantar da cikina a kan sirdi ta hagu da ta dama, ina shafa ɗaya gefen. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa ban da daidai bayansa da daidai gaban goshinsa. Mai hawa yakan ɓace masa a wannan ido ya ɓullo a wancan, a sama kuma, inda ba ya tsammanin kowa. Nan ne yawancinsu ke firgita.

Yau na ƙetara ƙafa na zauna, a sunkuye, sannan na miƙe a hankali. Na ji bayansa ya ɗaure a ƙarƙashina, kunnuwa duka sun juyo baya. Yaro na riƙe da ragama, ya ja shi 'yan taku, yana tafiya a wargaje yana neman inda nauyinsa ya koma. Na sauka ta dama. Shi ke nan aikin yau.

Asabar, 27 ga Janairu

Ƙafa tana nufin gaba. Shi muke kai, kuma ban ga darasin da ya fi shi muhimmanci ba, don dokin da ba ya zuwa gaba ba ya juyuwa, ba ya ma tsayuwa da kyau.

Jerin ba ya canzawa. In gyara zama in miƙe, in matsa sha-raɓata a jikinsa a hankali, in ce "tafi". In bai motsa ba, in taɓa shi da bulala bayan ƙafata, taɓawa ba duka ba, ina maimaitawa har ya ɗaga kofato. Yana ɗagawa komai ya tsaya, ƙafa ta saki, bulala ta sauka. Kullum daga mafi sauƙi nake farawa ko da na san zai kai ni ga bulala, don da haka yake gane cewa in ya amsa ta farko ba zai ga ta ƙarshe ba. A farkon mako sai an kai ga bulala. Yau murya ta ishe shi, wani lokacin ma ƙafa kaɗai. Babu ƙaimi, kuma ba za a yi shi bana ba.

Sa'ad da ƙafa ke magana hannu shiru yake. Dubi samarin da ke kilisa da yamma a cikin gari: linzami a ɗaure tam, dunduniya na ta dukan ciki, doki na rawa wuri ɗaya kumfa na zuba, 'yan kallo na cewa ga taƙama. Dokin nan an ce masa tafi an ce masa tsaya a lokaci guda ne, ya rasa wacce zai bi.

Juyawa kuma da buɗe hannu nake yi. In hagu za mu, in dubi hagu, in kai hannun hagu gefe nesa da wuyansa, ba baya wajen cikina ba. Yakan lanƙwasa wuya ya ba ni kai, kafaɗarsa kuma ta ci gaba da tafiya inda ta nufa. Maganin wannan ƙarin ƙafa ne, ba ƙarin ja ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

An koma baya. Da na taɓa kamazurun dama sai ya fizge kai sama. Yaro ya ce yana ganin dunƙulen harawa da aka tauna aka zubar a gindin turke. Baffa ya ce gardama ce ta fito, dama ya faɗa. Ni dai dokin da makon jiya yake bin hannu yau ya ƙi, jikinsa nake fara tuhuma kafin halinsa. Na kira likitan dabbobi.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Likita ya yi masa allurar kwantar da jiki, ya buɗe bakin da ƙarfe ya haska tocila. Abu biyu ya samu. Akwai wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban turamen sama ta dama, daidai inda linzami ke bugawa. Ba kowane doki ke fitar da shi ba, kuma ba ya taunar komai da shi. Sannan gefen turamen sama ya yi kaifi har ya yanka kumatu ta ciki. Ya ce muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, shi ya sa tauna ke barin kaifi a wajen na sama da cikin na ƙasa. Ya cire haƙorin, ya goge kaifin da magagari. Ya kuma nuna mana haƙoran da ke bin na tsakiya sun fara girgiɗi, famfarar shekara 3 da rabi ta zo ke nan.

Kafin a goge, ya kama hannun Baffa ya sa masa yatsa a wurin. Baffa ya zare yatsan ya duba, ya ce, "Ikon Allah." Babu linzami sai bayan mako biyu.

Asabar, 2 ga Maris

Da ragama nake hawa, igiya ɗaya ta kowane gefe, kuma hutun linzamin ya zo da riba. Tsayawa ma jeri gare ta: in daina bin tafiyarsa da ƙuguna, in zauna da nauyi in sauke numfashi, in ce "tsaya", sannan hannu ya rufe. Yau a ƙarshen gona, wajen tsamiya, ya tsaya tun kafin hannuna ya motsa. Na sauka nan take na sassauta majayi, muka tako gida a ƙasa.

Asabar, 16 ga Maris, 6 ga Ramadan

Linzami ya koma baki, kai ya daina tashi. Zafi ya shigo da ƙarfinsa, aiki ya koma minti 20 bayan asuba. Ruwa a gabansa yake wuni, don a irin wannan yanayi doki yakan sha lita 40 ko fiye, ga kanwa a gefe. Na rage masa dawa tunda aiki ya ragu. Tumbin doki ƙarami ne, ba ya kuma iya amai, hatsi mai yawa a lokaci guda ciwon ciki yake jawowa, in ya tsira daga wannan kuma ya hau masa kai. Ragewar ta zo wa aljihu daidai, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun bara buhun dusa da damin harawa ba su san hanyar sauka ba.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi sallah ranar Laraba, Bikili bai hau ba. Na ja shi da ragama zuwa inda ake jin tambari da kakaki daga nesa, muka tsaya gindin wata bishiya. Da bindigar farko ta tashi ya zabura ya zagaye ni, jiki na ɓari, yana haniniya wa dawakin da ke wucewa. Ban riƙe shi tam ba, na bar ƙafafunsa su motsa a kewayena. Kafin mu bar wurin ya kai bakinsa ƙasa yana tsintar busasshiyar ciyawa, kunne ɗaya yana wajen kiɗa.

Washegari na shiga kallo ni kaɗai, bakunan dawaki nake dubawa. Na ga kumfa mai ja-ja a bakin waɗanda aka ba yara haya. Na kuma ga Baffa a kan tsohon kilinsa, da linzamin nan da ya miƙo mini, kamazuru a sake a yatsu biyu. Ya zo a guje, ya zauna baya, dokin ya zame a kan ƙafafun baya ya tsaya, bakinsa a rufe. Da dare na ce masa, "Baffa, ai ban ga ka ja ba." Ya ce, "Me zan ja? Shekararsa goma sha a hannuna."

Asabar, 4 ga Mayu

Mun fara fita bakin hanyar Gombe, Baffa a gaba kan kili, mu a baya. Tirela da Keke Napep ba su dame shi ba. Baƙar leda da iska ta kwaso ita ce ta kusa raba ni da sirdi.

Sabuwar matsala turjiya ce in mu kaɗai muka fita. Muna kai kwanar da barga ke ɓacewa sai ya kafe, ya fara ja da baya. Duka a nan shi ke haifar da tabarya, don ba shi da inda zai kai ƙarfinsa sai sama. Nakan buɗe hannu in juya kansa gefe, ƙafafun baya su motsa, in sake fuskantar da shi hanya, ƙafata na tambaya har ya ba da taku ɗaya gaba, in saki. In mun dawo kuma ba na sauka a bakin turke. Mukan wuce gidan, mu yi ɗan aiki a gona, in sauka a can.

Asabar, 25 ga Mayu

An yi ruwa, ƙasa ta yi laushi, mun koma gefen fili tunda an fara shuka. Na fara haɗa masa alamar hannu ɗaya: kafin in buɗe kamazurun hagu, sai in kwantar da na dama a wuyansa. Sabuwar alama tana gaba, tsohuwar da ya sani tana biye, har ya fara juyawa tun daga ta farko. Wannan ce hanyar zuwa linzamin Baffa, in lokacinsa ya yi.

Ƙaramar sukuwa ta samu ta hagu, a natse. Ta dama yana tashi da ƙafar da ba ita ba, sai ya riƙa karkata a kwana kamar zai faɗi. Nakan mayar da shi sassarfa, in gyara, in sake tambaya daidai shiga kwana, ƙafata ta hagu ta ɗan koma baya.

Asabar, 8 ga Yuni

Babbar sallah ranar Lahadi 16 ga wata. Baffa ne da kansa ya ce a bar shi bana, sai dai yaro ya ja shi a bayan tawaga ba mahayi, da jalala, shimfiɗar ado, kawai a bayansa, ya ji cunkoso da guɗa a kusa. Na yarda, da sharaɗin ragama ce a kansa, kuma a nisanta shi da ingarmun da ba su san shi ba.

Abin da ya zauna: tafiya da sassarfa daga ƙafa kaɗai, tsayawa daga zama, ja da baya a miƙe, juyawa da hannu ɗaya in yana tafiya. A sassarfa har yanzu sai da hannu biyu. Sukuwar dama tana zuwa wata rana, wata rana ba ta zuwa. Ruwan da ya kwanta a hanya kuwa ko kusa ba ya taka shi, zagayewa yake ko ya yi tsalle.

Damina ta kawo ƙananan ƙwarin nan masu cizo da magariba da asuba, waɗanda ke yaɗa annobar dawaki, don haka an mayar da turkensa cikin rumfa, ana yi masa hayaƙi da yamma, kilisa kuma ta koma bayan fitowar rana. Ranar Litinin za mu gangara rafi, kili a gaba, mu fara da inda ruwan bai wuce kofato ba.